Shekarar Da Gidanmu Na Bungudu Ya Cika

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarki a Bungudu, zuwa ga ɗiyata ta fari, wadda ke ɗaure kaya za ta bar Bilbis ta koma Gusau. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida maigidanki Ummaru, ina kuma gaida ƙawata, jikata Kulu, wadda aka ce bakinta ya buɗe har ba ta barin kowa ya yi magana. Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin lafiya, Ya tsare ku a hanya, Ya sauke ku a sabon gida da ƙafar dama.

Kawunki Malam Sani ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce masa ya sa maganar yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara mini, kada kuma ya ɗago kai ya dube ni. Tunda Gwaggonki Tumba, Allah Ya jiƙanta, ta koya miki karatu, ba sai kin kai wa wani ya karanta miki ba. Ki samu inda ba kowa ki zauna da takardar.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Wanda ya mutu da wanda ya haihu, mai kawo takardar zai faɗa miki. Abu biyu na ji suka hana ni sakat. Na ɗaya, an ce gidan da Ummaru ya kama yana bakin kasuwa, kuma ƙarami ne. Yanzu da ake ta maganar hanyar jirgin ƙasa tana matsowa, duk wanda ya ɗaure auduga ko ya koro akuya, Gusau ya nufa. Dangin mijinki na Tsafe za su zo, mutanen Bilbis za su zo, namu na nan ma ba za su ƙyale ki ba. Kowa zai ce kwana ɗaya ne. Ni na san wannan kwana ɗayan, na yi masa tuwo shekara da shekaru. Na biyu, an ce yayar Ummaru ta fara cewa a bar mata Kulu ta riƙe, tunda kina da ciki kuma wuri zai yi muku kaɗan. Wannan ita ce maganar da ta sa na kira kawunki da alƙalaminsa.

Bari in fara daga nesa, ki yi haƙuri da tsohuwa.

Babanki, Allah Ya kai haske kabarinsa, mutum ne da bakinsa bai iya cewa babu wuri ba. Gidanmu kuwa a bakin hanya yake. Bafatake ya sauka, mai neman magani ya sauka, wanda jakinsa ya yi ɗingishi ya sauka, wanda ma bai san abin da ya fito da shi ba ya sauka. Sai dai in ji murya daga zaure, "A kawo ruwa, an yi baƙi!" Ni kuma lokacin ina yarinya, ƙarfi ya ishe ni, yabo yana yi mini daɗi. Mata suka riƙa cewa Hassi ba ta gajiya, Hassi hannunta a buɗe yake. Na ɗauki wannan magana na aza a kai kamar tulu, ina ta yawo da ita.

In baƙuwa ta gan ni a bakin turmi ta ce, "Kawo taɓaryar in taya ki," sai in ce, "A'a, zauna ki huta, ke baƙuwa ta." Ta sake tayi gobe, in sake hanawa. Jibi ba za ta ƙara tayi ba, ai ba mahaukaciya ba ce. Sai ga shi ina surfe, ina daka, ina niƙa, ina zuwa gulbi ɗiban ruwa, mata majiya ƙarfi suna zaune a inuwa suna tsifar kai suna ba ni labarin garinsu. Ni na koya musu zaman, na dawo ina jin haushin zamansu. Don haka ke, da zarar baƙuwa ta sha ruwa ta huce gajiyar hanya, in ta miƙo hannu ki sa mata taɓarya. In ba ta miƙo ba, ki ce da fara'a, "Zo mu kama, hira ta fi daɗi a bakin turmi." Mutuniyar kirki za ta fi sakewa. Wadda ta zo hutu kuwa za ta tuna tana da gida.

Kuskurena na biyu shi ne ba komai. Wannan kalma ta cinye ni fiye da ciwo. Namiji a zaure yake cin abinci, abin da ya sani akushi ne. In akushi ya fito cike, gida lafiya. Babanki bai taɓa ganin gindin tukunya ba, bai san sau da yawa ƙanzo nake jiƙawa in sha bayan kowa ya ƙoshi ba. Ba mugunta ba ce, ni ce ban faɗa ba. Yakan leƙo ya ce, "Hassi, aiki bai yi maki yawa ba?" In ce ba komai. Ya ce ga wasu za su kwana, a ba matansu wuri a ɗakina. In ce ba komai. Shi kuwa ya gaskata ni, don bai san ni da ƙarya ba. Ki faɗa wa Ummaru gaskiyar rumbu da gaskiyar jikinki tun abu yana ƙarami, ku biyu, ba a gaban baƙi ba. Kuma ki ɗebi naki da na Kulu ki rufe kafin akushi ya fita. Ba rowa ba ce. Mai girki in ta faɗi, duk gidan ne zai kwana da yunwa.

To, sai shekarar nan ta zo da damina ta ƙi. Ke kina famfara lokacin, haƙoranki na gaba sun zube, ba lalle ki tuna da yawa ba. Mu a Bungudu da ɗan sauƙi, saboda fadama da abin da babanki ya ajiye na bara. Mutanen arewa da mu kuwa abin ya yi musu tsanani, suka yi ta gangarowa. 'Yan'uwan babanki suka zo da matansu da 'ya'yansu. Wani Bafillace amininsa, wanda shanunsa suka ƙare, ya kawo iyalinsa ya ajiye. Zaure ya cika da maza, shigifa ta cika, rumfar da muke ɗaure awaki aka share aka shimfiɗa tabarmi. Ɗakina kuwa, in na tashi zan fita sai na tsallake mutane kamar mai ƙetare kunya a gona. Ba wanda za a ce wa ya tafi. Ina zai je? Ko yau aka sake, ba zan ce a kore su ba.

A cikin wannan hali na haifi ƙanenki Shehu. Gwaggonki Tumba, yayar babanki, ta taso daga Bilbis don ta yi mini wankan jego. Ita kaɗai ce baƙuwar da ba ta tambaye ni ba kafin ta ɗauki taɓarya. Mace ce mai kaifin ido, ba ta da ɗa ko ɗaya, ba ta kuma da tsoron kowa. Amma hannu biyu gare ta, gidan kuwa ya fi ƙarfin hannu goma. Tun ban gama wanka ba na koma bakin murhu. Tuwon ma ya zama na dusa da tsaki, miyar kuwa tafasa ce da rama, yau da gobe. Ga jariri ba ya samun nono sosai, yana ta kuka. Ga mata suna faɗa a kan ludayi. Ga yara ko'ina, ba ka sanin na wane ne ya yi kashi a ƙofar ɗaki. Na gaji irin gajiyar da ko an yi mini sannu sai in ji kamar zagi ne.

Wata rana da hantsi Tumba ta dama mini kunun kanwa, ɗan kaɗan, da sauran geron da ta ɓoye don ni. Ta ajiye a ƙwarya a bakin ɗaki ya huce. Ɗan wata baƙuwa ya zo a guje ya yi fatali da shi. Ina kallo, uwarsa ma tana kallo. Kin san yadda muke, ba a taɓa ɗan baƙo. In ɗan baƙo ya yi ɓarna, naka kake kamawa, don kada uwarsa ta ji kunya. Ke kina gefe kina jijjiga Shehu, ko kusa da ƙwaryar ba ki je ba. Na fizgo ki na yi ta bugu da marar tuwo, ina cewa don me ba ki ɗauke ba. Ba dukan al'ada na yi miki ba, na a ga an yi. Duk haushin gidan nan na sauke a bayanki. Ba ki yi kuka da ƙarfi ba, kika riƙa kallona kawai.

Tumba ta ƙwace ki. Ta ce, "Ke Hassi, mi ɗiyag ga tay yi maki?"

Na ce, "Ba ta yi komi ba, Yaya."

Ta ce, "Na dai gani."

Ba rannan kaɗai ba ne, kada in rage wa kaina laifi. Duk wanda ya ɓata mini rai a gidan, ke kike biya, saboda ke kaɗai ce tawa da zan iya taɓawa. Ki kula da wannan ƙwarai. In gida ya cika, fushin uwa kan gangara ya sauka a kan ɗanta, don shi ne ba zai yi zuciya ya ɗaure kaya ba. Ranar da kika ji hannunki yana ƙaiƙayi a kan Kulu, ki tsaya ki tambayi kanki wa ya ɓata miki rai. In ɗan baƙo ne ya yi ɓarna, ki ce wa uwarsa da lalama ta ja masa kunne. In ta yi fushi, ta yi. Fushinta zai wuce kafin ta kai ƙofar gari.

Da tafiyar Tumba ta matso, sai ta yi magana a tsakar gida, mata duk suna zaune ana tsinkar rama. Ta ce, "Hassi, ki ba ni ɗiyag ga in tahi da ita Bilbis. Ɗakina ni ɗai ta ciki, ga wuri, hatsi ko Allah bai hana mu ba."

Kin san ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna tana sonsa, balle ta buɗe baki a gaban mutane ta ce ba za ta iya rabuwa da shi ba. Amma akwai ƙofar da ake fita. Da na ce sai abin da babanta ya ce, da magana ta tsaya nan. Ban faɗa ba. Na ce, "Ai taki ta, Yaya. Ɗauki." Mata suka yi ta sa mini albarka, wai Hassi akwai kunya, akwai kara.

Da la'asar babanki ya same ni a bayan rumbu ina sussuka. Ya ce, "Na ji abin da Yaya tac ce. Ke kin yarda? In ba ki so, ni in ba ta hanƙuri, ba ta ƙi ji ba." Ya tsaya yana jira. Wallahi ya tsaya. Na ce masa ba komai.

Kowa ya ɗauka kunya ce. Na bar su a haka shekaru, har da babanki, har ya koma ga Allah. Ke kaɗai zan faɗa wa, da kawunki da ba yadda zan yi da kunnensa. Lokacin da Tumba take magana, abin da ya zo mini a rai shi ne baki ɗaya ya ragu, kuma zan samu inda zan miƙe ƙafata. Shi ke nan. Ba don ki samu karatu ba, ba don zumunci ba. Wurin shimfiɗarki nake so.

Da safe aka aza ki a kan jaki, a kan kayan Tumba. Kina ta murna, kin ɗauka kasuwa za a je a dawo. Da jakin ya motsa kika waiwayo kika ce, "Inna, wa za shi riƙa maki Shehu in kina daka?" Na kau da kai. Ban ma raka ku ƙofar zaure ba, na juya na koma bakin turmi, mata suna cewa haka ake yi. Rannan na miƙe ƙafa a wurinki na yi barci mai nauyi, na kuma ji daɗinsa. Wannan daɗin shi ne ban yafe wa kaina ba. Kafin kasuwa ta zagayo wata baƙuwa ta zo da goyonta, aka ba ta wurin.

Damina ta gaba Allah Ya kawo sauƙi. Baƙi suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu da godiya, wasu ko sallama babu, wata ma ta tafi da faifaina. Ɗaki ya zama fili, in na yi tari sai in ji ya dawo mini. A lokacin na nemi ɗiyata na rasa. Abin da aka bayar a gaban mutane ba a zuwa a ce a maido. Tumba kuma ta riƙe ki da gaskiya, ta fi ni iya riƙonki, duk wanda ya zo daga Bilbis sai ya ce kin yi ƙiba, kin kai izu kaza. Da wane baki zan yi magana? Ga nisa, tafiyar kwanaki, ga wani ciki, ga wasu baƙin. Na ce bari kaka ta wuce. Kaka ta yi ta wucewa.

Kin tuna zuwanki bikin ɗiyar baffanki, kin fara zama budurwa? Kika durƙusa a bakin ƙofa kika ce, "Sannunku da gida. Inna tac ce a gaishe ku." Sai daga baya na gane Tumba kike nufi. Kika zauna a gefen tabarma, kika ci tuwo kaɗan kika rage, kika tambayi wata yarinya inda ake ajiye buta a gidan da aka binne cibiyarki. Washegari kika same ni ina daka. Kika tsaya, kika ce, "Kawo in taya ki." Na so in miƙa miki, Allah Shi ne shaida. Amma bakin da ya saba ya riga ni. Na ji kaina ina cewa, "A'a, zauna ki huta, ke baƙuwa ta." Kika ce to, kika koma kika zauna. Na ƙarasa dakan nan ban ga cikin turmin ba.

Saboda haka ga abin da nake so ki riƙe game da Kulu. Ban ce riƙo mugun abu ne ba. Ni ma a hannun kakata na tashi, kuma da shi zumunci yake tsayawa. Yayar Ummaru wataƙila mutuniyar kirki ce kamar Tumba. Amma kada ki amsa mata ranar da kika gaji. Kada ki amsa gida yana cike, kada ki amsa kina jego, kada ki amsa a gaban mata suna kallon bakinki. Ki sunkuyar da kai ki ce sai abin da babanta ya ce, sannan ki samu Ummaru ku biyu ki faɗa masa abin da ke ranki, ko da kunya za ta kashe ki. Ki jira baƙi su watse, ki haihu, ki gama wanka, ki yi barci ki ƙoshi. In a lokacin zuciyarki ta ba ki, ki bayar da hannu biyu, Allah Ya yi albarka. In ba ta ba ki ba, ki riƙe abarki, su ce ba ki da kara. Ni an ce ina da ita, ga ni nan zaune da ita.

Kuma ko gidan ya cika har bakin ƙofa, wurin kwanan Kulu kada ya motsa daga kusa da ke. Baƙo ya kwana a zaure, ya kwana a rumfa, ya kwana gidan maƙwabta, duk ba abin kunya ba ne. Gobe zai tafi.

Kawunki ya ce tawada ta kusa ƙarewa, ni ma numfashina haka. Gwiwoyina sun daina yi mini biyayya, idona na hagu ya yi hazo, daka kuwa matar Shehu ta karɓe, da ƙyar na yarda na sakar mata. Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi.

Gusau ba Bilbis ba ce. Daga nan, mai jaki in ya yi sammako zai yi azahar a can. Tun ranar da aka aza ki a kan kayan Tumba ban ƙara kwana ɗaki ɗaya da ke ba, ko a bikin nan wajen 'yammata aka kai ki. Ina so in zo bayan kaka, in masu auduga za su shiga. Na san abin da nake roƙo, bayan duk abin da na gama faɗa. Ni ma baƙuwa ce, wani bakin ne a kan tukunyarki, ga tsufa, ga tari. Ba na neman ɗaki, inda zan shimfiɗa buzuna kusa da ku ya ishe ni, kuma zan iya tsinkar ganye in riƙe miki Kulu. Amma ki duba gidanki da jikinki tukuna. In da wuri, ki aiko a ce in zo. In babu, ki aiko a ce babu, kada ki ce mini ba komai. Ba zan yi fushi ba. Zan ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma zan san takardar nan ta shiga, kuma ɗiyata ta iya abin da uwarta ta kasa.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya kare ku daga sharrin hanya da na gulbi. Ya sauke ki lafiya, Ya raya Kulu a gabanki. Ya sa wa tukunyarki albarka, Ya ba ki baƙi masu tausayi. In akwai abin da ya rage a ranki game da ni, ki yafe mini tun ina iya ji.

Wassalam. Mahaifiyarki Hassi, ina sauraron ɗan aikenki.